Rami na Tara

Ƙarfe bakwai da rabi na cire Kumatu daga nono, na goge mata baki, na miƙa ta ga Mama, uwar mijina, a barandar gidan kulob. Sau biyu ina nuna mata abin da ke cikin jaka: ga nonon da na tatsa da asuba, ga ƙaramin cokali, ga tsummoki. Mama ta ce ta raini shida tun ba a haife ni ba, in je in buga ƙwallona in dawo kafin rana ta buɗe.

Kumatu watanta huɗu, amma bakwaini ce, har yau ba ta kamo nauyin sa'o'inta ba. Ba ta karɓar fida. Da an sa mata robar a baki sai ta turo ta da harshe ta kama kuka. Likita ya ce kada a bari ta wuce awa uku ba ta sha ba, musamman a lokacin zafi. Shi ya sa na yi lissafina tun a gida. Wasan golf rami goma sha takwas ne, ni tara kawai zan yi. A ɗan filin da muka saba bugawa, bayan gidajen ma'aikatan asibiti, rami na tara a bakin ƙofar ginin da aka fara yake ƙarewa. Awa biyu da 'yan mintoci, kafin goma na dawo, sauran su ci gaba. Ban tambayi kowa ba, don ban ga abin tambaya ba.

Mu huɗu ne, shekara biyar muna buga wasan tare. Anti Lauya ce babbarmu, ita ta samu shiga wannan babban kulob ɗin wata biyu da suka wuce, ta gayyace mu mu zo mu ga inda manya ke zubar da ƙwallaye. Sai Sista, nas ce a ɗakin haihuwa, a hannunta Kumatu ta faɗo duniya. Sai Malama mai koyar da lissafi, wadda ke riƙe mana katin maki don ba ta yarda da kowa ba. Ni kuwa tun da na haihu sunana ya ɓata, Maijego kawai suke ce mini.

A teburin karɓar baƙi aka karɓe wayoyinmu aka kulle a akwati, wai dokar wurin ce. Anti ta sa hannu a kanmu, ta ja mu gefe ta ce don Allah mu kama kanmu, har yanzu gwajinta ake yi na wata shida, kuma laifin baƙo a kan wanda ya kawo shi ake rubutawa. Sista ta ce to ai sai a ɗaure wa Malama baki tun daga nan.

Mu ma muna da tamu dokar. In mun shiga fili ba a ambaton miji, ba a ambaton ɗa, ba tukunya, ba agogo. Wadda ta yi suɓul da baka a ƙara mata bugu ɗaya a kati. Ni na kafa dokar da bakina, shekara uku da suka wuce, lokacin da Malama ta ishe mu da labarin haƙoran tagwayenta.

Filin ba irin namu ba ne. Siriri ne kamar zirin tsumma, tafki a hannun hagu, a dama kuma sarƙaƙiyar ƙaya da doguwar waya a bayanta. Ko'ina tudu da gangare, sai ki buga ba ki ga inda ƙwallon ya sauka ba. An yi ruwa da dare, ƙasa ta jiƙe, an hana kekunan da ke ɗaukar 'yan wasa fita, kowacce tana jan jakarta. A rami na biyu Sista ta ba tafki ƙwallo uku a jere, ta ce sadaka ce. A na huɗu Anti ta faɗa wani kwarin yashi mai zurfin da sai hularta kawai muke hange, yashi na tashi, ƙwallo ba ya fitowa, Malama na tsaye a bakin kwarin tana ƙirgawa da ƙarfi. Na yi dariya har hawaye. Rabona da irin wannan dariyar tun kafin in kwanta asibiti.

A rami na biyar na waiwaya, na ga jan rufin gidan kulob ya koma kamar akwatin ashana. Na ce a raina nan gaba kaɗan za mu karya kwana. A na shida ma gaba muka miƙa. A na bakwai rufin ya ɓace bayan tudu. Na buɗe baki zan tambayi Anti, na tuna tambayar za ta kai ni ga agogo, agogo ya kai ni ga Kumatu, kuma Malama tun safe take dakon in faɗa ramin da na haƙa. Sai na haɗiye. Na riƙa satar kallon agogon hannuna kamar mai satar amsa a jarrabawa.

Goma da kwata muka gama na tara. Babu gini, babu baranda. Wata 'yar rumfa ce kawai ta katako a ƙarƙashin bishiya, da wata mata mai sayar da ruwan sanyi a ciki. Na tambaye ta ta ina ake bi zuwa gidan kulob. Ta dube ni, ta nuna inda muka fito, ta ce nan ne ƙarshen filin, tara tafiya ne, tara dawowa, daga nan zuwa can ya fi kilomita uku.

Na juya wajen Anti. Ta ce ta sani, amma akwai motar ma'aikata da ke maida masu tsayawa a rabi, shi ya sa ba ta ga dalilin faɗa ba. Mai rumfar ta girgiza kai, ta ce ruwan jiya ya cinye kwalbatin hanyar ma'aikata, ita kanta da ƙafa ta zo tun kafin a buɗe fili, kuma sai an tashi za ta koma.

Na ce to zan koma ta inda muka zo. Ta ce kul. Akwai rukuni-rukuni a bayanmu suna bugowa ta nan, ba sa ganin abin da ke bayan tudu, bara ma wani mai yankan ciyawa sai ɗaukarsa aka yi. Na ce zan bi hanyar dawowar da ƙafa. Ta ce yau gasar dattawan kulob ake yi, rukuni uku ne a gabanmu, kuma ba a barin kowa ya yi yawo a fili in ba wasa yake ba. In na wuce su na shiga gaban sandarsu ke nan. Mai wasa kaɗai ake ba hanya, shi ma sai na gaba sun ga dama.

Na dubi tafkin, na dubi ƙayar. Gaba kura, baya sayaki.

Mai rumfar tana da oba-oba, 'yar rediyon hannu da take magana da teburin baƙi da ita. Ta kira, aka nemo Mama. Muryarta ta fito tana ƙara-ƙara, ta ce lafiya lau, yarinya na nan tana wasa, in yi harkata kada in tayar da hankalina. Amma Mama ba ta san ana sakin maɓallin ba in an gama magana. Muka ji ta tana ce wa ta teburin, a hankali, kada ta gaya mini yarinyar ta ƙi cokalin. A bayan muryarta kuma ga kukan Kumatu, irin siririn nan mai yankewa da take yi in yunwa ta fara cin ta.

Na zauna a kan bencin rumfar. Ƙirjina ya yi zafi ya ɗaure, nono ya kawo. Malama ta ninke katin maki ta sa a aljihu.

Sista ta tsuguna a gabana ta yi mini maganar aiki. Ta ce awa huɗu ba za ta kashe Kumatu ba, biyar ma haka, amma a wannan zafin ba ta so a kai shida, don in ta gaji da kuka ƙarfin tsotson ma ba za ta samu ba. Ta karɓi oba-oban ta gaya wa Mama ta cire wa yarinyar kaya, ta shiga da ita ɗaki mai fanka, ta riƙa ɗiga mata nonon a gefen baki ko da za ta tofar. Anti ta ce mu tashi, za ta roƙi dattawan su ba mu hanya.

Muka same su a rami na goma, su huɗu, ana auna ƙasa ana duban iska. Ɗaya ya tsaya a kan ƙwallonsa ya gyara tsayuwa sau biyar, ya ja baya, ya sake. Anti ta taka biyu ta tsaya. Ta ce bari su gama wannan, ba a katse mutum yana shirin bugu. Da suka gama sun riga sun yi nisa. Ta ce a na gaba. Na ga hannunta na murza igiyar jakarta, na gane tsoro take ji, ita da ke tsayawa gaban alƙali ba ta ƙifta ido.

Minti ashirin da biyar rami na goma ya ci mana. Ba a bugawa sai na gaba sun fita daga inda ƙwallo zai kai, don haka bugu ɗaya, tsayuwa, bugu ɗaya, tsayuwa. Rana ta buɗe, tururi na tashi daga jiƙaƙƙiyar ciyawa. Ba mai tsokanar kowa. Ina buga nawa ban ma duba inda ya nufa. A na sha ɗaya muka sake tarar da su ba su ko fara ba, ɗayansu na ba da labarin aikin da aka yi masa a gwiwa. Sha ɗaya saura minti biyar. Na lissafa: rami takwas, a wannan tafiyar hawainiya, sai wajen ƙarfe biyu.

A nan farar rigata ta jiƙe. Tsummokin da na sa a ciki sun cika, da'ira biyu suka fito suna faɗi. Na rungume hannuwa. Sista ta miƙo mini tawul ɗin goge sanda, na ce ta bar shi.

Malama ce ta samo dabara, kuma da lissafi ta samo ta. Ta ce mutum huɗu da jaka huɗu ba wanda zai so ya ba su hanya a ranar gasa, don sai an jira su minti goma sha biyar. Amma mutum ɗaya da sanda ɗaya, wadda ba ta neman ƙwallon da ya ɓata, ba ta auna komai, minti biyar ta wuce. Kuma ba wanda zai ce ba wasa take ba. Ta zazzage jakarta, ƙwallo bakwai. Sista saura biyu gare ta, ta ce tafki ya riga ni. Anti ta ba da dozin guda sabbi fil da ba ta ko buɗe kwalinsu ba. Suka cika mini aljihu huɗu, sauran aka ɗaure a tawul na rataya. Malama ta zaro mini sandar ƙarfe mai lamba bakwai, ta ce da ita zan yi komai, har turawa cikin rami.

"Ki buga, ki bi," in ji ta. "In ya shiga ƙaya ki ajiye wani. Ba ni da ke a kati yau."

Anti ta gyara hularta ta nufi dattawan, wannan karon ba ta tsaya ba. Ban ji abin da ta faɗa ba, na dai ga ta nuno ni, mai labarin gwiwa ya dube ni ya sunkuyar da kai, ya ɗaga mini hannu. Na ajiye ƙwallo a gabansu na buga. Ya tafi tafki. Na ajiye wani na buga, ya mirgina ƙasa-ƙasa kamar ɓera, na bi shi. Anti ta biyo ni har rabin ramin, numfashinta na fita da ƙyar, na ce ta koma, ta yi nata.

Daga nan ni kaɗai ce. Ƙwallaye na bugun cinyata, tawul na lilo a kafaɗa. Ban san bugu nawa na yi a na sha biyu ba. Rukuni na biyu na tarar a na sha uku, tun kafin in yi magana suka matsa gefe, mai rumfa ta riga ta aika musu da wani mai gyaran yashi. Ɗayansu ya miƙo mini gorar ruwa ina wucewa, na sha a tafe.

A na sha biyar na riski na ƙarshe. Rami ne mai wuya, siririyar hanya tsakanin ruwa da ƙaya, kuma su ne ke kan gaba a gasar. Na gane shugaban kwamitin kulob, don hotonsa na rataye a teburin baƙi. Na gaishe su, na ce Baba a yi haƙuri, ina neman a ba ni hanya, jaririyata na jirana.

Ya dubi sandata ɗaya, ya dubi tawul ɗin, ya tambayi baƙuwar wa ce ni. Na ƙi ambaton Anti, don na san a kan wa za a rubuta. Ya ce ba ya ƙin taimako, amma a gasa ba a saka baƙo a tsakanin rukunai, dokar a rubuce take, in ya karya ta yau gobe wani zai zo da nasa uzurin. Saura rami huɗu kawai, in bi su a baya, za su hanzarta. A natse ya faɗa, ba da faɗa ba. Rami huɗu a wurinsu awa ɗaya ce da wani abu.

"Baba, bakwaini ce," na ce. "Tun bakwai da rabi rabonta da nono. Duba agogonka."

Ya duba. Ya ce ya ji, Allah ya sawwaƙe, amma ba shi ya rubuta dokar ba. Ya juya yana zaɓen sanda.

Na tsaya riƙe da tawa. Na auna in ruga kawai in wuce, in ya so su yi abin da za su yi. Amma hanyar ba ta fi faɗin titi ba, biyu daga cikinsu sun riga sun buga, in na sha kan tudun can ba mai ganina. Ƙwallo a ƙeya ba zai shayar da Kumatu ba. Kuka ya taso mini na danne shi, don ban son su ce abin mata ne.

Saura wani dattijo bai buga ba, gajere mai abin ji a kunne. Ya ajiye ƙwallonsa, ya tsaya, sai na ga ya juya ƙafafunsa gaba ɗaya ya fuskanci dama. Ya buga da kyau, ƙwallon ya tashi ya lume a tsakiyar sarƙaƙiya. Ya dafa goshi yana hange.

"Ya ɓata," ya ce wa shugaban. "Sai mun nema. Kuma masu neman ƙwallo na baya suke ba hanya, ko ita ma ba kai ka rubuta ba?"

Shugaban ya ce ka san abin da ka zubar kuwa, kai ke gaba da bugu biyu. Dattijon ya taɓa abin kunnensa ya ce batirin ya yi sanyi. Ya dube ni ya ce, 'yata, buga.

Na buga, kuma wannan ne kaɗai bugun kirki da na yi a ranar, ya miƙe tsakiyar hanya. Ban tsaya godiya yadda ya kamata ba. Ina tafe ina jin su a baya suna kutsawa cikin ƙaya.

Gabana babu kowa. Na sha shida, na sha bakwai, ina buga ƙwallo ina binsa da gudu-gudu, ƙirjina kamar an cusa duwatsu. Daga kan tudun na sha takwas na hango barandar. Na bar ƙwallon inda ya faɗi, na jingina sandar a jikin wani benci. Sha biyu saura kwata.

A ɗakin canza kaya na mata na same su. Mama na zaune ƙarƙashin fanka, ɗankwalinta ya zame, kafaɗarta duk nono. Kumatu na hannunta daga ita sai nafkin, fuska ja wur, muryar ta dishe, kukan sai dai a gani a bakinta. Mama ta ce cokali shida ta samu ta ɗura mata, wataƙila uku sun shiga.

Na fizge ta na sa ta a nono, ta ƙi. Ta banƙare, ta kau da kai, tana dukana da ɗan hannunta. Na sake gwadawa, ta sake ƙi. Nonon ya cika ya yi tauri, bakinta ya kasa kamawa. Na ce, Mama, ta ƙi ni, Mama, ba ta kamawa.

Mama ta karɓe ta. Ta ce in je famfo in wanke gumin, gishiri ne yarinyar ke ji, in tatse kaɗan ya yi laushi, in wanke fuskata kuma, don babu jaririn da ke shan nonon mai haki. Na yi yadda ta ce. Na dawo na zauna a ƙasa na jingina da akwatunan kaya, ƙwallaye suka zubo daga aljihuna suna gangarawa ƙarƙashin benci. Mama ta ɗora mini ita a ƙirji, fata da fata, ta sa tafin hannunta a bayan kanta.

Kumatu ta yi ta shessheƙa tana goga hanci. Ta lasa, ta saki. Ta sake lasa. Sannan ta kama, da ƙarfin da sai da na cije leɓe, na ji tana haɗiya, ƙut, ƙut, tana tsayawa ta ja numfashi ta ci gaba. Na taɓa maɗigarta, ba ta faɗa ba. Na sa yatsa a nafkin ɗin, da ɗan danshi.

Mama ta zauna a benci tana ɗaura ɗankwalinta. Ta ce kada in yi saurin juya ta, in bar ta ta ƙoshi da wannan tukuna.